Warin Jar Motar Jalalu

Duk Gawon Nama babu wanda bai san jar motar Jalaluddeen ba, wanda bai taɓa ganinta ba ma ya ji kukanta. Ƙofa biyu gare ta, kujera biyu, ga ta ƙasa-ƙasa kamar an danne ta da tafin hannu, in ta tashi da safe har kajin maƙwabta sai sun watse. Matan unguwa sun daɗe suna tambayar juna amfanin motar da ba ta ɗaukar buhun gero, ba ta kai mai naƙuda asibiti, amma mai ita bai taɓa damuwa da bakinsu ba. Ɗan gidan masu atamfa ne. Da rana yana shagon ubansa a babbar kasuwa, da la'asar kuwa sai ya dawo ya yaye wa motar tamfol, ya shiga goge ta da wani tsumma mai laushi wanda ko fuskarsa ba ya sharewa da shi. Yaro ya jingina da ita ya sha ranƙwashi, akuya ta matso ta sha dutse.

Mutum ɗaya ne yake da izinin taɓa sitiyarinta bayan shi, wato Gazali tela na Unguwar Rogo, abokinsa tun suna yawo ba wando. Su 'yan wasan mota suna da wani tsere da suke yi can bayan gari da bazara, kafin ruwa ya sauka manoma su hana su hanya, a kan wani tsohon burji da ya ratsa gonaki ya zagayo. Kowace mota mutum biyu ne, da mai tuƙi da na gefensa mai faɗa masa hanya. Na gefen shi ne ido. Shi zai ce kwana na tafe ta hagu, akwai rami, taka, saki. Mai tuƙi ba ya tsayawa tambaya, da ya ji sai ya yi, don kafin ya gani da idonsa ya riga ya wuce wurin. To Gazali ne idon Jalalu, kuma ko masu jin haushinsu sun yarda ba a taɓa haɗa biyu irinsu ba.

Ana dab da tseren bana sai uban Jalalu ya aike shi Kano saro kaya. Bai so tafiyar ba, amma ba a ce wa Alhaji a'a. Ya lulluɓe motar a filin da ke cikin gidan, ya ba Gazali mabuɗi ya ce ya riƙa leƙowa yana tada ta kada batir ya kwanta, ya tafi yana waiwaye.

Ran da ya dawo, ko ruwa bai sha ba ya ɗauki mabuɗin da Gazali ya bar masa a gida ya nufi wurinta. Yana buɗe ƙofa sai wani wari ya tarbe shi. Ba mai ƙarfi ba ne a lokacin, ɗan kaɗan ne, irin wanda mutum zai tsaya yana shinshina hammatarsa ko daga jikinsa ne. Ya leƙa ƙarƙashin kujeru ko ɓera ne ya mutu, bai ga komai ba. Ya buɗe but, wurin kaya na baya, ya duba, fayau yake, sai shimfiɗar da ta rufe ramin safaya. Ya wanke cikin motar, ya fesa turare har sai da ya yi atishawa, ya rufe. Washegari da rana ta take ya sake buɗewa, sai ya ja da baya yana toshe hanci. Turaren da warin sun haɗu sun haifi wani abu na uku da ba shi da suna. Ga wasu koren ƙudaje sun zo sun jeru a bayan motar kamar an gayyace su.

Ya bi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya yana tambaya. Innarsa ta ce ita ko inuwar motar ba ta takawa. Goggo Lantana, yayar ubansa da ke zaune a ɗakin da ke kallon filin, ba ta nan, ta tafi Bodinga zaman makoki tun kafin ya dawo. Sai ƙanwarsa Sadiyatu, wadda ba a taɓa yin abu a gidan idonta bai gani ba, ta ce ita dai ba ta san komai ba, amma wata rana da tsakar rana ta leƙo ta taga ta ga Gazali ya buɗe bayan motar, ya sunkuya ciki har rabin jikinsa, da ya ɗago kuma sai da ya duba hagu ya duba dama kafin ya rufe. Ta ce ba ta ce ya yi wani abu ba fa, abin da ta gani ta faɗa.

Jalalu ya ce mata ta cika surutu. Amma maganar ta bi shi har ɗaki ta zauna masa a gefen gado. Me ya kai mai tada inji but? Inji ai a gaba yake.

Ya kira Gazali a waya, suka gaisa, ya tambaye shi ko ya fita da motar. Gazali ya ce ko taya ba ta juya ba, inda ya same ta nan ya bar ta. Da Jalalu ya ambaci warin sai Gazali ya shiga inda-inda. Can Gazali ya ce ya bari, yanzu zai zo ya karɓi mabuɗin ya kai ta wurin wanki da kansa, kada Jalalu ya wahala, ai ya sha hanya. Jalalu ya ce a'a, ya gode. Gazali ya sake cewa ba komai ai, shi zai kai ta. Sau nawa a rayuwarsu Gazali ya taɓa roƙon ya kai mota wanki? Mutumin da ko kekensa na ɗinki sai ya yi kuka yake ɗiga masa mai.

Da yamma sai ga shi ya zo ba a kira shi ba. Jalalu na fitowa daga wanka ya hango shi a bayan motar, ya ɗaga tamfol, hannunsa a kan murfin but yana gwada ko a buɗe yake. Da suka haɗa ido sai ya saki, ya yi wata dariya da ba ta kai ciki ba, ya tambaya ko Goggo ta dawo ya gaishe ta. Jalalu ya ce ba ta dawo ba. Suka zauna suka yi hirar tsere sama-sama, kowa na kallon wani wuri daban, har aka kira magariba.

Abin da ya ƙara dagula lissafi, da ya fita gwada ta kan hanyar bayan gari sai ta fara tari. Ya taka totur, maimakon ta yi tsalle yadda ta saba sai ta shaƙe, ta yi jijjiga, salansa ta yi wata tusa, sannan ta ɗauka. Motar da bai taɓa jin ko atishawarta ba. Ya juya kai tsaye zuwa unguwar Gidan Dare, garejin Mode, inda 'yan wasan mota ke da majalisa a ƙarƙashin wata darbejiya.

Shi Mode makanike ne mai kyau, ba a raina hannunsa, sai dai bakinsa ya fi hannun sauri. Yana jin warin ya ce wannan ba warin mota ba ne, shi ya tsufa cikin mota. Yana kwance a ƙarƙashinta yana taɓe-taɓe yake ba da labari, kamar ba da kowa yake ba, cewa kwanakin nan ana yawan ganin babur ɗin Gazali a ƙofar gidan su Ubaidullahi. Shi Ubaidullahi shi ne mai baƙar motar da kullum take shan ƙurar ta Jalalu, ya yi ta neman a sayar masa da jar an hana shi, har ya taɓa cewa cikin raha wata rana sai ta tsaya da kanta ta ba shi hanya. Mode ya ce wataƙila awon ɗinki ne ya kai Gazali can, tunda an ce Ubaidullahi zai yi aure. Sannan ya ce sai dai shi bai san awon da ake yi sau da yawa haka ba, ko mutum ƙiba yake yi kullum.

Jalalu ya kau da kai. Yana tsaye yana tuno abubuwa, kuma duk abin da ya tuno sai ya ga ya canza kama. Tseren bara da Gazali ya makara faɗin wani rami har suka fasa taya. Ranar da ya ce baƙar motar ma fa tana da ƙarfi a miƙe. Har wata gaisuwa da ya ga sun yi da Ubaidullahi a wurin ɗaurin aure, sun daɗe riƙe da hannun juna.

Mode ya gano tarin ba wani abu ba ne, gurɓataccen mai ne na 'yan bumburutu da Jalalu ya sha a hanya, ya faɗa a hankali, ba wanda ya kula. Hancinsa ya riga ya ja shi zuwa baya. Ya buɗe but, ya yaye shimfiɗa, ya kwance safaya ya ɗaga ta, sai ya sake ta ta faɗi, ya ja da baya yana a'uziyya.

A cikin ramin, an cusa wani ƙunshi kamar kan jariri. Tsohon zane ne baƙi aka naɗe shi da shi, a kan wani yagaggen buhu, an ɗaure tam da igiyar rama. Wani baƙin ruwa mai yauƙi yana tsattsafowa ta ƙasansa, an barbaɗe shi da toka. A samansa kuma an soke gawayi, da jan barkono busasshe, da wata tsohuwar wuƙa mai ƙotar ƙaho, tsininta na kallon kujerar direba.

Kafin a ce haka majalisa ta tashi ta kewaye motar, kowa ya toshe hanci da hula, wasu sun zaro waya suna ɗauka. Babu wanda ya ce sammu ne, kuma babu wanda bai ce ba. Wani ya ce kada a taɓa da hannu. Wani ya ce kada a kwance, abin da ke ciki in ya sha iska shi ke nan. Mode ya kawo shebur aka kwaso shi aka ajiye a tsakiyar fili, ƙudaje suka bi shi.

Ana cikin haka babur ɗin Gazali ya tsaya. Ya kutsa ya ga abin da ke ƙasa, ya buɗe baki, ya dubi wayoyin da ke sama, ya rufe. Sai ya matso ya kama hannun rigar Jalalu ya ce su ɗan keɓe, yana da magana. Jalalu ya fizge hannunsa ya ce duk maganar da ke akwai a yi ta nan, gaban kowa.

"Kai kas sa shi?"

"Ni nib buɗe but ɗin," in ji Gazali. "Sauran ba ni hwaɗi nai nan. Taho mu koma gehe."

"Wa yab ba ka?"

"Jalalu, tsaya. Kana nuhin ranka nike nema? Cikin motar da nike zaune gehenka, in ta kihe da wa za ta kihe?"

Nan ne fa Jalalu ya yi maganar da har yau ake maimaita ta a unguwa. Ya dube shi ido cikin ido ya ce, "Wa yas sani ko ranar za ka tashi da ciwon ciki."

Gazali ya daɗe yana kallonsa, kamar mai auna mutumin da bai taɓa yi wa ɗinki ba. Ya hau babur ɗinsa, sai da ya buga ya buga kafin ya tashi, ya tafi.

Mode ya ce irin wannan ruwa mai gudu ake ba shi. Aka saka ƙunshin a bokiti, da wuƙar da komai, aka kai gada aka juye a ɗan ruwan da bazara ta rage a gulbi. Jalalu ya dawo gida yana jin kamar ya tsallake rijiya, amma barcin kirki bai ƙara yi ba. Ya fito da duk kayan da Gazali ya taɓa ɗinka masa, ya bi bakin riguna yana latsawa ko an ɗinke laya a ciki, har ya farke wuyan wata shadda sabuwa ya sami ba komai sai zare. Abinci ma sai da ya fara tambayar wa ya aiko da shi. Ya nemi wanda zai zauna masa a gefe ranar tsere, duk wanda aka kawo masa sai ya tambayi kansa, wannan da wa yake gaisawa? Labari kuwa ya riga ya zaga. A Unguwar Rogo aka fara janye ɗinki daga shagon Gazali, wata mata har ta aiko a karɓo mata yadinta ba a yanka ba.

Ana jibi tsere, da hantsi, Goggo Lantana ta sauka daga Bodinga da ƙullin kayanta a kai. Ta sha ruwa, ta ba da labarin wanda ya yi kukan gaskiya da wanda ya zo cin tuwo, sannan ta hango Jalalu zai fita kasuwa ta yafuto shi.

"Zo nan, ɗan nan. Tunda ka riga ka dawo ba sauran ɓoyo. Buɗe man bayan jar abar nan taka in ɗauki ajiyata, na san ta wuce lokaci."

Jalalu ya ce wace ajiya.

"Daddawata mana. Batso. Gurguzun suren da nid dahwa."

Ya nemi bango ya jingina. Ita kuwa ta ci gaba da bayani hankali kwance, tana warware ɗankwali. Ta ce shi gurguzu, wato 'ya'yan yakuwa, in an dafa shi da ruwan toka, so yake a rufe shi a wuri mai zafi inda iska ba ta shiga har ya ruɓa ya yi daɗi, kuma tunda take ba ta taɓa samun wuri irin bayan motar nan ba. Ba kaza, ba akuya, ba yara, ga zafi kamar tanda. Da ta ga ya yi tafiya sai ta tare yaron kirkin nan Gazali ta sa ya buɗe mata ya cusa mata can ƙasa, ta kuma ce masa in ya faɗa wa Jalalu ba ta yafe ba, don ta san halinsa da motar. Niyyarta ta kwashe kafin ya dawo, sai ga rasuwa. Gawayin da barkonon kuwa, ai kowa ya san saboda bakin mutane ne, kada a yaba ta ƙi yi. Wuƙar ta uwarta ce, da ita ake danne daddawa a gidansu tun kafin a haifi ubansa.

Da ya gaya mata inda wuƙar take yanzu, Goggo ta saki ɗankwalin ta tafa hannu. Ta ce a gidan nan aka haife shi, da batso aka yaye shi, amma bai san warinta ba sai ta shiga miya. Ta ce maza nawa ne a garejin, duk ba wanda uwarsa ta taɓa aike shi ɗakin girki? Da Sadiyatu ta raɗa mata sauran labarin, na abin da aka faɗa wa Gazali a gaban jama'a, sai ta bar faɗan. Ta zauna a kan turmi. Ta ce yaron nan amanarta ya riƙe, shi kuma aka saka masa da wannan. Ta ce wa Jalalu kada ya ƙara shigo mata ɗaki gaisuwa sai ya je ya dawo.

Bai je kasuwa ba ranar. Ya ɗauki babur ɗin gida, don kunyar shiga Unguwar Rogo da jar motar yake ji, ya tarar da Gazali shi kaɗai a shago yana taka keke. Ya yi sallama aka amsa, aka nuna masa benci. Ya fara magana yana kewaye-kewaye, zafin gari, Goggo ta dawo, ashe kaza ashe kaza. Gazali bai ɗaga kai daga ɗinkin ba. Da Jalalu ya kai ga neman gafara sai ya ce ya yafe, tun ranar ma ya yafe, ba ya kwana da mutum a ciki. Jalalu ya ji sanyi, ya ce to jibi da wane lokaci zai biyo masa.

Keken ya tsaya.

"Ba ni shiga," in ji Gazali. "Ba don hushi ba. In nic ce ka karya dama, yanzu sai ka tsaya ka yi tunanin mi nike nuhi. Kahin ka gama tunani mun hau icce."

Jalalu ya rantse ba zai yi ba. Gazali ya ce shi ma da ya rantse Jalalu ba zai taɓa faɗin abin da ya faɗa ba. Ya ce kuma akwai wata. A gaban mutane aka ce shi mai sammu ne, yau a cikin shago ake ce masa ba shi ba ne, daga shi sai keke. Su waɗanda suka kwashe ɗinkinsu wa zai gaya musu? Bai ce a yi kaza ba. Ya ci gaba da taka kekensa.

Jalalu ya san abin da ake nufi, kuma ya san kuɗinsa ba na aljihu ba ne. 'Yan wasan mota ba su mance abin dariya. Akwai wanda ya taɓa faɗawa kwata da mota tun yana saurayi, yau yana da 'ya'ya a makaranta ana ce masa Na-kwata. In ya fito ya ce jar motar da yake hana yara taɓawa tukunyar daddawa ce, ya gama ɗaga kai a garin nan. In ya yi shiru kuwa ba wanda zai sani, Goggo ba ta zuwa gareji. Har zuciyarsa ta fara raya masa wata: ko dai Gazali so yake a yi masa dariya ya rama? Ya kama kansa yana wannan tunanin, ya ji kunya, amma tunanin bai tafi duka ba.

Ranar tsere, bayan la'asar, filin ya cika. Motoci sun jeru suna gurnani, masu sayar da ruwan sanyi da rake suna kai da kawowa. Gazali ya zo, amma can nesa ya tsaya cikin 'yan kallo, hannu a aljihu. Da mai tsara tseren ya ɗaga lasifika zai fara kiran sunaye, Jalalu ya je ya ce a ba shi aro. Ya hau kan wata tsohuwar taya. Ya ce abin da aka gani a motarsa ran nan ba sammu ba ne, daddawar batso ce ta goggonsa, ita ta sa Gazali ya ajiye mata ta kuma hana shi faɗa. Ya ce shi ya yi wa Gazali ƙazafi a gaban mutane, ga shi a gaban mutane yana cewa ƙarya ya yi, wanda ya ɗauki wancan a waya ya ɗauki wannan ma.

Sai wani daga baya ya tambaya ko an sami garin kuka a haɗa miya. Filin ya fashe. Ubaidullahi har da kwanciya a kan bonet yana dukan ƙarfe. Mode ya bi mutane yana cewa shi dama tun farko ya ji kamar warin abinci ne. Kafin Jalalu ya sauko daga tayar an riga an raɗa masa suna, Jalalu Batso, ana kira ana amsawa daga kowane gefe. Ya wuce ta tsakiyarsu kunnuwansa na zafi, ya shiga mota, ya ɗaure hular kwano. Kujerar gefensa ba kowa. An yarda ya tafi shi kaɗai in ya ga zai iya.

Ana saura kaɗan a sake su sai ya ji an ƙwanƙwasa gilashi. Gazali ne. Bai buɗe ƙofa ba, ya dai sunkuyo.

"Kwanar da ke bayan rijiyar Fulani, iska ta tara yashi. Rage tun daga tsamiya, kak ka jira ka gani."

Ya juya ya koma cikin mutane.

Aka sake su. Jalalu ya fita gaba kamar kullum, baƙar motar na manne da shi, yana ganin hancinta a madubi. Ba murya a gefensa, sai kukan inji da duwatsu na dukan ƙasan mota. Ya wuce gonakin farko, ya wuce mararraba, sai ga tsamiyar can tana tahowa. Hanya a gabansa fes take, ja, ba alamar yashi. Daga tsamiya zuwa kwanar da sauran tafiya, wanda duk ya rage a nan ya ba da hanya. Zargin nan da ke cikinsa ya ɗago kai ya ce masa, ka ga, a nan ne daidai Ubaidullahi ke buƙatar ka rage. Wa ya ga yashin? Wa ya tabbatar ma ya je wurin? Ƙafarsa ta tsaya a tsakanin totur da birki, tsamiyar ta zo daidai kafaɗarsa.

Ya taka birki.

Baƙar motar ta wuce shi kamar an harba ta, wata ma ta bi bayanta. Da ya karyo kwanar sai ga yashin, ya kwanta a rabin hanya ta ciki, tayoyin waɗanda suka riga shi sun yi ta watsa shi suna tangal-tangal, amma sun fita, ba wanda ya kife. Wataƙila shi ma da ya fita ko bai rage ba. Wataƙila da bai fita ba, tasa ta fi tasu ƙasa. Bai sake kamo su ba har aka gama.

Ubaidullahi aka ɗaga sama ranar. Jalalu ya tsaya a gefe ya cire hular, gumi na zuba, masu wucewa na tambayarsa nawa ne ƙwallon batso. Da jama'a suka fara raguwa sai ga Gazali. Ya ce yana kan tudu, ya ga jar wutar birki ta kama a tsamiya.

"Kai kac ce in rage," in ji Jalalu.

"Ka ɗan jinkirta."

"Na ɗan jinkirta."

Gazali ya gyaɗa kai, ya dubi rana da ke shirin faɗuwa. Ya ce ɗan'uwansa ya tafi da babur ɗinsa, ko Jalalu zai rage masa hanya. Ya zagaya ya buɗe ƙofa ya zauna. Har suka shigo gari ba wanda ya yi magana, sai sau ɗaya da Gazali ya ce a yi hankali da mai amalanke. Da suka iso Unguwar Rogo Jalalu ya sa sigina zai shiga layinsu, Gazali ya ce a'a, ya sauke shi nan bakin titi, zai ƙarasa da ƙafa. Ya fita, ya rufe ƙofar a hankali, ya ce a gaida Goggo.